Sarki Moshweshwe Na Basuto: Tsakanin Dutse Da Siyasa

Duk malamin makarantar da ya taɓa rataya taswirar Afirka gaban yara ya san inda idonsu ya kan tsaya idan aka gangara kudu. Su kan ga wata 'yar ƙasa a cikin cikin Afirka ta Kudu, an kewaye ta gabas da yamma, kudu da arewa, ba ta da bakin teku, ba ta da maƙwabci sai guda ɗaya, su yi ta mamakin yadda aka yi babbar ba ta haɗiye ƙaramar ba. Wannan ƙasa ita ce Lesoto, wadda a zamanin mulkin Ingilishi a ke kira Ƙasar Basuto. Girmanta wajen murabba'in mil 11,700 ne, yawancinsa kuwa duwatsu. Amsar wannan mamaki tana cikin tarihin mutum guda, watau Sarki Moshweshwe, wanda mutanensa su ke rubuta sunansa Moshoeshoe.

An daɗe ana gardama kan abin da ya fi tsare ƙaramar ƙasa daga manyan maƙwabta. Waɗansu sun ce ƙasa ce, watau faɗinta da duwatsunta da kogunan da su ke tare abokin gaba. Waɗansu sun ce siyasa ce, siyasa irin ta ma'anar da, watau iya zama da mutane, da sanin lokacin aika manzo, da lokacin ba da gaisuwa, da lokacin ƙulla alkawari. Mun zaɓi labarin wannan sarki ne domin ya gwada duka biyun har shekara kusan hamsin, kowanne kuwa ya nuna masa iyakarsa.

Asalinsa

An haife shi wajen shekarar 1786 a wani ƙauye da a ke kira Menkhoaneng, a arewacin ƙasar Lesoto ta yanzu. Sunansa na yanka Lepoqo. Ubansa Mokhachane bai wuce dagaci ba, yana riƙe da wata 'yar zuriya cikin ƙabilar Bakoena, masu ɗaukar kada a kan alamarsu. A lokacin nan Basuto ba su da sarki guda. Kowane gari da shugabansa, dukiya kuwa shanu ce, samari su kan nemi suna da kai hari su koro na maƙwabta. A irin wannan hari ne Lepoqo ya kwashe shanun wani sarki mai suna Ramonaheng, ya dawo yana kirarin ya yi masa aski. Daga ƙarar askar nan a kan gemu aka samo sunan Moshweshwe, ya bi shi har kabari.

An ce yana saurayi yana da zafin rai ƙwarai. Abin da ya sanyaya shi shi ne haɗuwarsa da wani dattijo mai hikima, Mohlomi, wanda ya yi yawon ƙasashe yana magani yana sulhunta mutane. Basuto sun riƙe cewa wannan dattijo ne ya koya masa jawo mutane da kyauta da auratayya da adalci, ya nuna masa cewa sarki da jama'a ya ke sarki. Wajen 1820 ya bar gidan ubansa ya kafa nasa gari a gindin dutsen Butha-Buthe. Don masu karatu su gane zamanin, a lokacin nan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello bai daɗe da hawa gadon sarauta a Sakkwato ba.

Zamanin Watsewa

Bai daɗe da zama ba sai masifa ta auko wa ƙasar duka. Yaƙe-yaƙen da suka tashi a gabas, sa'ad da Shaka ya ke kafa mulkin Zulu, suka koro ƙabilu suka haye duwatsun Drakensberg, kowace ta faɗa wa wadda ta tarar. Masana tarihi na baya-bayan nan sun ƙara da fari, da kuma hare-haren masu neman bayi da shanu, cikin dalilan wannan fitina. Basuto suna kiran zamanin Lifaqane. Gonaki suka zama kufai, yunwa ta kai har waɗansu suka koma cin naman mutane. Mutanen Batlokoa, waɗanda wata sarauniya Manthatisi da ɗanta Sekonyela su ke shugabanta, suka tsare Moshweshwe a Butha-Buthe har ya ga wurin ba zai riƙe shi ba.

A cikin 1824, da tsakiyar sanyi, ya kwashi mutanensa da sauran shanunsa suka yi kudu zuwa wani dutse da 'yan leƙen asirinsa suka gano. Suka sa masa suna Thaba Bosiu, watau Dutsen Dare. Yana wajen mil 15 gabas da inda birnin Maseru ya ke a yau. Tsawonsa daga kwarin da ke ƙasa ya ɗara ƙafa 300, gefensa a tsaye kamar bango, samansa kuwa shimfiɗaɗɗe ne, da idandunan ruwa da wurin kiwo. Hanyoyin hawansa 'yan kaɗan ne, kuma matsattsu, har mutum goma da duwatsu a hannu sa iya tare ɗari.

A kan hanyar wannan ƙaura ne masu cin mutane suka kama kakansa Peete, tsoho, ya gaza bin ayari. Bayan Moshweshwe ya yi ƙarfi aka kawo masa su, jama'a suna jiran a kashe. Ya ƙi. Ya ɗauke su a matsayin kabarin kakansa, wanda bai kamata a tozarta ba, ya sa aka yi musu tsarki irin na al'adarsu, ya ba su shanu da gona. Labarin ya bazu, 'yan gudun hijira daga kowace kusurwa suka yi ta kwararowa Thaba Bosiu.

Yadda Ya Tara Jama'a

Dutse ya ba shi wurin tsayawa, amma da dabara ya mai da tarkacen ƙabilu al'umma guda. Yana da wata al'ada da su ke kira mafisa: ya ba talaka aron shanu ya yi kiwo, ya sha nono, shanun kuwa na sarki ne, mai kiwo ya zama nasa. Ya auri 'ya'yan sarakuna da yawa, ya bar wa kowane shugaban da ya kawo caffa mutanensa da al'adunsa, sa'an nan ya dasa 'ya'yansa da ƙannensa a kan iyakoki. Babban al'amari kuwa sai an tara maza a fili, taron da su ke kira pitso, kowa ya faɗi ra'ayinsa gaban sarki.

Wajen manyan maƙwabta kuwa bai ji kunyar ba da gaisuwa ba. Ya aika wa Shaka gashin tsuntsaye da fatu, ya ba Matiwane sarkin Ngwane shanu, har ya sami sararin shiri. Da Matiwane ya kawo yaƙi a 1827 aka kore shi. Wajen 1831 rundunar Ndebele ta Mzilikazi ta zo ta gwada hawan dutsen, aka yi ta mirgino musu duwatsu har suka juya. Basuto sun ce suna cikin komawa sai ga manzon Moshweshwe da shanu masu ƙiba, wai guzuri ne, tun da ya ke yunwa ce ta kawo su. Ndebele ba su sake dawowa ba. Wannan ita ce hanyar da ya bi har ƙarshen ransa: ya tare mutum da dutse, sa'an nan ya buɗe masa ƙofar komawa gida ba tare da kunya ba.

Daga kudu kuma waɗansu mahara, Kora da Griqua, suka riƙa zuwa a kan dawaki da bindigogi. Ya lura da abin da ya ba su rinjaye, ya shiga sayen dawaki da bindigogi har Basuto suka zama mahaya na gaske. A 1833 ya karɓi 'yan mishan uku daga Faransa, Casalis da Arbousset da Gosselin, ya ba su wuri a Morija. Ya bar su su yi wa'azi su koyar da karatu, shi kuwa bai shiga addininsu ba. Abin da ya samu wurinsu shi ne alƙalami. Casalis ya zama kamar magatakardansa, yana fassara masa halin Turawa, yana rubuta masa wasiƙu zuwa Gwamnan Kef. Akawunan da ke karanta wannan sa gane nauyin wannan aiki, domin yawancin abin da ya tsirar da Basuto daga baya a kan takarda aka yi shi.

Zuwan Buwa Da Ingilishi

Daga 1835 zuwa gaba Turawan nan 'yan asalin Holan da a ke kira Buwa, watau manoma a harshensu, suka fara barin Kef da kekunan shanu don gudun mulkin Ingilishi. Waɗansunsu suka sauka a kwarin kogin Caledon, inda ƙasar noman Basuto mafi albarka ta ke. Moshweshwe ya ba su izinin kiwo a kan baƙi ne masu wucewa, domin a al'adarsu ba a sayar da ƙasa. Su kuwa suka ɗauka sun mallaka, har suka fara sayar wa juna. Daga nan rigimar ta samo tushe.

Ya duba ya ga cewa Turawan iri biyu ne, kuma ba sa ga maciji da juna. Sai ya nemi Ingilishi. A 1843 ya ƙulla alkawari da Gwamna Napier, aka san shi a kan aboki, aka yanka masa fam 75 a shekara, aka kuma amince da yawancin ƙasar da ya ke da'awa. Amma alkawarin bai yi ƙarko ba. A 1848 Gwamna Harry Smith ya shimfiɗa mulkin Ingilishi a kan ƙasar da ke tsakanin kogin Orange da na Vaal, a 1849 kuma Razdan ɗinsa, Manjo Warden, ya ja iyakar da ta yanke wa Basuto gonaki masu yawa. Da Warden ya zo da yaƙi a 1851, Basuto suka fatattake shi a Viervoet.

Wannan ya jawo Gwamna Cathcart da kansa, da soja fiye da 2,000, a watan Disamba 1852. Ya ɗora wa Basuto tarar shanu 10,000 da dawaki 1,000, ya ba su kwana uku. Aka kawo masa wajen 3,500, ya ce ba su isa ba. Ran 20 ga wata aka gwabza a tudun Berea. Sojan Ingilishi suka kama shanu, amma mahayan Basuto dubbai suka taso musu, aka kashe musu mutum 38, suka ja da baya.

A daren nan samari suna murna, suna so gari ya waye su ƙarasa. Moshweshwe kuwa ya san cewa bayan wannan runduna akwai wata, bayan watan ma akwai wata, a hayin teku. Da tsakar dare ya sa aka rubuta wa Cathcart wasiƙa, ya nuna cewa an hore shi, shanun da aka kama su zama biyan tara, yana roƙon zaman lafiya. Cathcart ya sami abin da zai rubuta wa London, ya karɓa, ya kwashe sojansa. Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wanda aka durƙusa wa a nan ba wada ba ne. Shekara guda bayan haka, a 1853, Moshweshwe ya juya ya ci Sekonyela, tsohon abokin gabansa, ya gama da wannan fuska.

Inda Dutse Ya Gaza

A 1854 Ingilishi suka ga ƙasar ta fi ƙarfin aljihunsu, suka janye, suka bar wa Buwa jamhuriyarsu ta Orange Free State, ba tare da an daidaita iyaka da Basuto ba. Har wa yau suka bar Buwa su sayi albarushi, Basuto kuwa aka hana su. Nan Moshweshwe ya ga cewa alkawarin babba yana tsayawa ne muddin yana da amfani ga babban.

Yaƙi na fari ya tashi a 1858. Buwa suka iso gindin Thaba Bosiu suka ga ba hali, mahayan Basuto kuwa suka zaga ta bayansu suna kai hari a gonakinsu, rundunar ta watse kowa ya nufi gida. Gwamna Grey ya shiga tsakani aka yi sulhu a Aliwal North. Duk da wannan nasara sarki bai ruɗu ba. A 1861 ya rubuta yana neman Sarauniya Victoria ta ɗauki ƙasarsa ƙarƙashin tsaronta, ya ci gaba da mulkin mutanensa da dokokinsu. Aka yi ta jan maganar.

A 1865 yaƙi ya sake tashi, Buwa suna ƙarƙashin Shugaba Brand, sun fi da yawa, sun fi da shiri, ga igwa. Ran 15 ga Agusta wani jarumin kwamandansu, Louw Wepener, ya kai har kusa da saman dutsen, aka harbe shi a mashigin, mutanensa suka gangaro. Thaba Bosiu bai ciwu ba. Sai Buwa suka sake dabara, suka bar dutsen suka bi gonaki suna ƙone dawa, suna kore shanu. Shanun da aka tara a kan dutse don tsaro suka yi ta mutuwa saboda rashin ciyawa. Ɗansa Molapo, mai riƙe da arewa, ya yi nasa sulhu dabam. A watan Afrilu 1866 tsohon sarki, yana da shekara wajen tamanin, ya sa hannu a takardar da ta ba Buwa yawancin ƙasar noma. Basuto suna kiran wannan Sulhun Dawa, domin abin da su ke nema shi ne sararin girbe amfanin gona. Da suka girbe suka ƙi tashi daga gonakin, yaƙi na uku ya tashi a 1867, garuruwan duwatsu suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya.

Ga darasin a fili. Dutse yana tsare mutum daga mashi da harsashi, amma ba a shuka dawar al'umma a kan dutse. Sa'ad da abokin gaba ya gane haka, kagarar da ta gagari Ngwane da Ndebele da Buwa ta kusa zama kurkuku.

Inda Siyasa Ta Yi Rana

Duk tsawon yaƙin nan wasiƙunsa ba su yanke ba. Ya rubuta wa Gwamna Wodehouse a Kef, ya kuma buɗe magana da hukumar Natal, don kowanne ya ji tsoron ɗayan zai riga shi. 'Yan mishan na Faransa, waɗanda Buwa suka kora daga tashoshinsu a 1866, suka kai kuka Turai. Ingilishi kuma suka fara tsoron kada Buwa su ci Basuto su sami hanyar zuwa teku, kada kuma 'yan gudun hijira su cika musu iyaka. Da bukatar Ingilishi ta zo daidai da roƙon Basuto, Wodehouse ya tsare wa Buwa hanyar albarushi, ran 12 ga Maris 1868 kuma ya yi shelar cewa Basuto sun zama talakawan Sarauniya, ƙasarsu ta shiga hannun Ingila.

Amma tsiran nan da tsada ya zo. A watan Fabrairu 1869 Ingilishi da Buwa suka zauna a Aliwal North suka ja iyaka, ba Basuto a wurin. Dukan ƙasar da ke yamma da kogin Caledon ta tafi, har yau kuwa ba ta dawo ba. Moshweshwe ya miƙa sarauta ga ɗansa Letsie, ya rasu ran 11 ga Maris 1870, ana gab da yi masa baftisma. Aka binne shi a kan Thaba Bosiu, dutsen da ba a taɓa ci da yaƙi ba yana da rai.

Abin Da Ya Biyo Baya

Don a auna aikinsa sai a dubi maƙwabtansa. Zulu sun fi Basuto ƙasa da mayaƙa, har sun karya rundunar Ingilishi a Isandlwana a 1879, amma a shekarar nan aka ci su, daga baya aka haɗe ƙasarsu da Natal. Mulkin Ndebele ya faɗi a 1893. Ita kanta Orange Free State ta rasa 'yancinta a yaƙin da ya ƙare a 1902. Basuto kuwa, da aka miƙa su ga hukumar Kef a 1871, ta kuma nemi karɓe musu bindigogi, suka yi Yaƙin Bindiga a 1880 zuwa 1881, duwatsunsu suka sake yi musu rana, har a 1884 London ta karɓi mulkinsu kai tsaye, ana bi ta hannun sarakunansu, kusan yadda aka yi da En'e a nan Arewa. Da aka kafa Tarayyar Afirka ta Kudu a 1910 ba a sa su ciki ba, gwamnatocin Tarayyar suka yi ta neman a ba su ƙasar, ba su samu ba. Saboda haka dokokin wariyar launin fata da aka shimfiɗa daga 1948 ba su hau kansu a gida ba. Ran 4 ga Oktoba 1966 Lesoto ta sami mulkin kai, jinin Moshweshwe ne a kan gadon sarauta.

Kada kuma mu ɓoye ɗaya gefen. Rashin ƙasar noman nan ya sa mazan Basuto, tsara bayan tsara, suka dogara ga ƙwadago a ramukan ma'adinai na maƙwabciyarsu. A watan Disamba 1982 sojan Afirka ta Kudu suka shiga Maseru da dare suka kashe mutum 42. A watan Janairu 1986 suka toshe iyaka, kafin wata ya ƙare soja suka tumɓuke gwamnatin Leabua Jonathan. Ƙasar da aka rage wa gona, aka bar ta da maƙwabci guda, 'yancinta yana da iyaka ko da tana da tuta.

To, wanne ya fi? A ganinmu tarihin wannan sarki ya nuna aikin kowanne dabam. Da ba don Thaba Bosiu ba, da an shafe shi tun 1824, ba wanda zai karanta wasiƙarsa, domin ba a sulhu da wanda aka riga aka ci. Da kuma ya dogara ga dutsen kaɗai, da yunwar 1866 da yaƙin 1867 sun gama da shi. Dutse ya saya masa lokaci, shekara 44, shi kuwa ya kashe lokacin nan wajen tara jama'a, da neman abokai, da koyon halin abokan gaba, har ranar da bukatar babba ta zo daidai da tasa. Da aka kai inda dole ya zaɓa tsakanin faɗin ƙasa da wanzuwar al'umma, sai ya saki gonaki ya riƙe mutane. A kan wannan ne muka ce, ga ƙaramar ƙasa, siyasa ce ta ke yanke hukunci na ƙarshe, amma sai wadda ta ke da wurin tsayawa a bayanta.

Har yanzu waɗansu 'yan Lesoto suna ta da maganar ƙasar da aka rasa a hayin Caledon. Duk da haka kowace shekara, ran 11 ga Maris, a kan rufe ofisoshi da makarantu a ƙasar don tunawa da shi, sarki da manyan gwamnati su kan ajiye furanni don girmama shi, 'yan makaranta kuma su yi wasanni da raye-rayen gargajiya da sunansa.